Rigar Lamba Shida: yadda wata unguwa a Jos ta yi makokin ɗan wasanta

Ni aka ba riƙon littafin kuɗin, don haka abin da aka tara da abin da aka kashe da abin da aka yi gardama a kansa duk ta hannuna suka bi. Ba zan kama sunan marigayin ba, iyalinsa ba su ce a baza su a intanet ba. A fili ma ba da sunansa ake kiransa ba, Lamba Shida ake ce masa. Ɗan baya ne a ƙungiyar unguwarmu da ke ɓangaren titin Bauchi, irin ƙungiyoyin nan da ba albashi ba ofis, sai koci ɗaya da ƙwallo uku da buhun jesi. Da rana gyaran waya yake yi a wani ɗan teburi wajen kasuwar Terminus. Bai kai shekara talatin ba. Ya bar uwa, da mata mai ciki, da 'ya ɗaya.

Wasan sada zumunta ne, ranar Lahadi bayan la'asar, cikin sanyin hunturun nan na Jos da ke sa 'yan kallo cusa hannu a hammata. An dawo hutun rabin lokaci ba da jimawa ba, aka buga kwana ya fitar da kai, yana komawa wurinsa sai ya durƙusa kamar mai ɗaure igiyar but, ya kife. Ba wanda ya taɓa shi. Abin da muka yi kuwa ina ganinsa a idona har gobe: aka yi ta fasa masa ruwan leda a ka, biyu suna yi masa fifita da jesi, wani ya ruga wurin mai shayi ya karɓo cokali wai kada ya haɗiye harshe, wani yana cewa farfaɗiya ce a ba shi iska, mu kuma mun yi masa zobe mun tare iskar. Sai da aka ɗauki lokaci kafin a tsayar da Keke. Likita ya duba shi ya ce zuciya ce ta tsaya, ya riga ya cika tun a hanya. Zancen binciken gawa bai ma taso ba.

Washegari da hantsi aka yi masa sutura. Layin ya cika har bakin kwalta, mutanen da ba su san gidan ba sai ranar, wasu da jesin ƙungiyar a ƙarƙashin riga. Sallar gawa ba ta da tsawo, kabbara huɗu ce ba ruku'u ba sujada, kafin ka ankara an sallame an ɗaga makara. Kafin a ta da sallar baffansa ya juyo ya yi maganar da ake yi a kowace jana'iza: duk wanda yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake binsa, ya zo ya same shi. A lokacin ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi. Ita ce ta zo ta cinye rabin littafina.

A ƙungiyar akwai Kiristoci uku, daga Anguwan Rukuba da Tudun Wada suke zuwa atisaye. Wanda bai san Jos ba ba zai ga wani abu a nan ba. Tun rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, garin ya rabu unguwa-unguwa, har akwai layukan da mutum yake duba sunansa kafin ya shiga. Su ukun nan suka zo, tare da wasu daga ƙungiyar da muka kara da ita, suka jingina da katanga har aka idar da salla, suka bi mu maƙabarta da ƙafa. Golanmu, ɗaya daga cikinsu, shi ya yi ta jigilar jarkar ruwan da aka kwaɓa ƙasar rufe kabari da shi, wandonsa duk taɓo. Da aka dawo ya zauna kan tabarma a ƙofar gida kwana uku cur, har ya iya amsa gaisuwa. Ana ce masa "Ya haƙuri?" ya ce "Haƙuri ya zama dole," a ce "Allah Ya jiƙansa," ya ce amin.

Abu mafi muni a kwana ukun nan ba a ƙofar gida ya faru ba. Wani ya ɗauki bidiyon faɗuwar da wayarsa, kafin isha ya zagaye WhatsApp, ya hau Facebook da waƙar baƙin ciki a ƙarƙashinsa. Masu turawa gani suke juyayi suke yi. A wayar wata mai zuwa gaisuwa matarsa ta ga mijinta kwance ana cusa masa cokali. Kyaftin ya kwana yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a goge, wasu suka goge, wasu suka ce ai tunatarwa ce ga masu rai. Ni dai ban ga wanda ya ƙara raka'a ɗaya saboda bidiyon nan ba.

Taron gidan kallo

Dare na huɗu aka taru a gidan kallon ƙwallon unguwa, mai gidan ya kashe talabijin ya bar janareta don fitila. Nan ne magoya baya suka ce su ma suna da nasu haƙƙin. Iyali sun yi nasu, malamai sun yi nasu, saura na ƙwallo.

Samarin sun zo da tsarinsu a shirye, kuma ba a ɓoye yake daga ina suka samo shi ba. A kan bencin nan suka kalli abin da Liverpool ta yi wa ɗan wasanta Diogo Jota, wanda ya rasu a haɗarin mota a Sifen ranar 3 ga Yulin 2025 tare da ɗan'uwansa André Silva: furanni da gyale shimfiɗe a bakin filinta na Anfield, ƙungiya ta jingine lamba 20 ba mai sake sa ta, 'yan kallo suna tashi da waƙarsa in an kai minti na 20. Waɗanda suka ɗan manyanta suka kawo Marc-Vivien Foé na Kamaru, da ya faɗi a fili a birnin Lyon a 2003 ana wasa da Kolombiya ya rasu, ƙungiyarsa Manchester City ta ajiye masa lamba 23. Wani ya tuno Iniesta a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2010, da ya ci ƙwallo ya tuɓe riga don a ga sunan abokinsa marigayi Dani Jarque a singiletinsa, ya karɓi katin gargaɗi bai damu ba. Saboda haka suna son abu biyar: a jingine lamba shida, a buga babbar bana da hotonsa, a yi tattaki da kyandir da dare daga fili zuwa ƙofar gidansu, a shirya wasan tunawa a yi shiru na minti ɗaya, sannan a sa but ɗinsa a akwatin gilashi a rataye a gidan kallon.

Akwai wani dattijo, tsohon direba, da ba ya fashin wasanmu. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "'Ya'yan nan, kun san Sam Garba?" Biyu ko uku ne suka ɗaga hannu. Ya ba su labarin Mighty Jets, ƙungiyar Jos da ta ɗauki gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, da yadda Sam Garba Okoye ya rama ci biyu ana dab da tashi a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale da Bendel Insurance a shekarar, da yadda haɗarin mota ya ɗauke shi a 1978. Ya ce a lokacin an yi kuka a garin nan kamar ba za a daina ba, ga shi yau a ɗaki cike da masu son ƙwallo mutum uku ne suka san sunan. Ya kawo Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Surulere ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola ya rasu, aka kafa masa mutum-mutumi a gaban filin. Ya kawo Rashidi Yekini, mai ƙwallo 37 a rigar Najeriya, wanda ya fara taka leda a Kaduna, ya ƙare rayuwarsa a kaɗaice ya rasu a Mayun 2012, sannan kowa ya tashi yabo. Bai hana su komai ba. Ya dai tambaye su wa zai biya kuɗin haya in ya ƙare.

An gayyato malamai biyu na unguwar, kuma wanda ya haɗa su a benci ɗaya ya yi ƙarfin hali. Ɗaya ɗan Izala ne, ƙungiyar da a Jos ɗin nan aka kafa ta a 1978, ɗayan ɗan ɗariƙa. A kan sadakar uku da ta arba'in sun riga sun saɓa tun a ƙofar gida, wannan ya ce ba ta da asali, wancan ya ce addu'a ce da ciyarwa. Gidan suka yi ta uku ba hayaniya, suka bar sauran. Amma a kan kyandir bakinsu ya zo ɗaya, suka ce ba namu ba ne. Golan ma ya sa baki ya ce a wajensu ana yi, sai dai shi ba zai so a bi dare da taron samari a ratsa unguwanni a garin nan ba, ko da me aka riƙe a hannu. Kowa ya gane abin da yake nufi, zancen tattaki ya mutu a nan. Hoto kuma aka ce a tambayi mahaifiyarsa. Ta aiko cewa ba ta son ta fito kasuwa ta ci karo da fuskar ɗanta rana na dukanta, ruwa na dukanta.

Shirun minti ɗaya ne ya ci lokaci. Malamin farko ya ce tsayuwa shiru ba ta kai wa mamaci komai, kwaikwayo ne kawai. Wani yaro mai kaifin baki ya ce, "Allah gafarta Malam, ita ƙwallon ma ai kwaikwayo ce." Aka yi dariya, ta farko tun ranar Lahadi. Na biyun ya ce to a tsaya ɗin, amma kada a tsaya hannu rabbana, kowa ya yi masa addu'a. Sannan duka biyun suka koma kan maganar baffa, suka jawo hadisin da ke cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Aka tsayar cewa kuɗin da za a tara bashi ne farko, iyali na biyu, wasa na uku. Samarin ba su ji daɗi ba, sun so a fara da bana.

Littafin

Adadin na iyalin ne, ba zan faɗa ba. An zagaya da kwali a gidajen kallo huɗu ranar da ake manyan wasanni, an turo ta banki, wani ɗan unguwar da ke buga wasa a waje ya aiko da kaso mai tsoka ya ce kada a ambace shi. Matan layin, waɗanda ba su je maƙabarta ba kuma ba a gayyace su taron ba, sun haɗo nasu a ƙulle cikin leda ta hannun wata mai ƙosai. Da na ƙirga ya fi na gidajen kallo biyu a haɗe.

Bashin ya fi yadda aka zata. Akwai mai kayan gyaran waya da yake ba shi gilashi da batir sai ya sayar ya biya, akwai zubin adashi da ya riga ya kwasa saura wata uku, akwai cikon haya, akwai mai shago na madara da sabulu. Mai kayan gyaran, Ibo ne, ya buɗe littafinsa ya nuna mana, ya ja layi a kan rabi ya ce ya yafe. Sai abin da ba wanda ya yi tunaninsa: da aka buɗe durowar teburinsa, wayoyin mutane ne goma sha ɗaya, kowace da 'yar takarda manne a baya, wata da suna, wata an rubuta "mai jan hula" kawai. Amana ce, sai an mayar. Ni da ƙaninsa muka yi sati biyu muna zama a teburin da yamma muna jiran masu su. Wata tsohuwa ta zo karɓar tata ba ta ma san ya rasu ba, ta zauna a kan bencin ta yi ta salati, ta ce rabin kuɗin gyara ta ba shi, ta kunce bakin zani ta cika sauran duk da wayar ba ta gyaru ba. A duk hidimar nan, in aka ce in nuna wurin da aka girmama Lamba Shida, teburin nan zan nuna.

But ɗin kuma ya zo da tasa fiƙihun. Jesi ta ƙungiya ce, ƙungiya na iya yin yadda ta so da ita. But nasa ne, da kuɗinsa ya saya a gwanjo, don haka tun daga lokacin da ya cika ya zama dukiyar magada, cikinsu har da marainiya da wanda ke ciki. Ba mai ikon kyautar da shi, gadon kuma malam ya ce ba za a raba ba sai matar ta sauka an san abin da aka samu. Mai gidan kallo ya ce zai saya da daraja. Aka ce ya jira. But ɗin yana cikin leda a ɗakin mahaifiyarsa, da jar ƙasar filin a jikinsa.

Ranar wasan

An yi shi bayan sati shida, da ƙungiyar da muke karawa da ita ranar da ya faɗi, a filin da ya faɗi. Banar ta fito ba hoto, baƙin yadi ne da farar lamba 6 da "Allah Ya jiƙanka" a ƙasa, kuma ta fi kyau a haka. 'Yan wasa suka ɗaura baƙin ƙyalle a damtse, tela ya yanko daga ragowar yadin. Ƙungiyarmu ta fara da mutum goma, aka bar gurbinsa. Da agogo ya kai minti shida alƙalin wasa ya busa, aka ajiye ƙwallo a inda take. Musulmi suka ɗaga hannu, Kiristoci suka sunkuyar da kai, filin ya yi tsit har kana jin injin markaɗe daga bayan katanga. Ana shafawa sai wani daga cikin 'yan kallo ya fara tafi, ba a shirya da shi ba, fili ya ɗauka gaba ɗaya. Na saci kallon malaman biyu. Ba su tafa ba, ba su kuma hana ba. Sannan ƙaninsa ya shigo ya cike gurbin, da lamba 14.

Wani mai neman kujera ya iso ana tsakiyar wasa da motoci biyu, ya karɓi lasifika ya yi alkawarin ɗaukar nauyin karatun yarinyar har jami'a, aka yi masa tafi fiye da na minti shida. Na buɗe masa shafi a littafi. Shafin yana nan fari.

Jingine lamba kuwa ashe sai mai hali. Liverpool tana buga riguna yadda ta ga dama, mu saiti ɗaya gare mu, guda goma sha takwas, biyu sun yage. Wata biyu rigar tana ninke a ƙasan buhu, yara suna zuwa wasa ana rasa abin ba su. Koci ya je ya sami mahaifiyar ya ce, "Inna, rigar nan fa muna cikin matsi." Ta ce ita dama ba ta ce a ajiye ba, riga ai don sawa aka yi ta, in yaro ya yi gumi a ciki ya yi wa ɗanta addu'a ya fi mata. Yanzu duk wanda koci ya ga ya fi ƙoƙari a atisayen sati shi ke sa lamba shida. Yaran suna rububinta fiye da lamba goma.

Abin da ba a sa a ajanda ba

A duk taron gidan kallo, awa uku, ba wanda ya tambayi me ya kamata mu yi a mintunan da yake kwance. Ni ma ban tambaya ba. In ka ɗauko zancen sai a ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ba mai ja da ajali. Amma wanda ya ce a yi tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi. Ranar 8 ga Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, a gasar ƙwararru ta ƙasa, aka ba da rahoton cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, ya rasu. Lafiya nan ce kusa da mu, jiha ɗaya muke da su kafin 1996, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A ɗaya gefen, yaran nan da suka haddace labarin Jota sun kalli Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a Yunin 2021 ana wasa da Finlan, aka danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya tashi, har ya dawo ya ci gaba da buga wasa a Ingila. A kan benci ɗaya muka kalli duka biyun. Furannin muka kwaso muka bar dannar ƙirjin.

Wata ma'aikaciyar jinya a layinmu, wadda ta ga bidiyon kafin a goge, ita ta tare ni a hanya ta faɗa mini ba sakayawa. Ta ce mutum ba ya haɗiye harshensa, cokali ɓata lokaci ne da fasa haƙori. Wanda ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya: a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi ya shiga kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Ta ce ba ta ce da an yi haka zai rayu ba. Ta ce dai ba a yi ba.

Na kai maganar gaban kwamiti, aka amince a ware ɗan abin da ya rage bayan an biya bashi, an biya wa matar hayar shekara, an sallami masu lasifika da alƙalan wasa. Kuɗin bai kai ko kusa da farashin na'urar ba, sai aka ce a sayi akwatin taimakon gaggawa, ita kuma ta zo ta koya wa 'yan wasa dannar ƙirji a fili ranar Asabar kafin atisaye. Ta ce ba ta son ko sisi. Ta aro mutum-mutumin roba na koyarwa, ta zo da shi a Keke a naɗe cikin zani. Asabar ta farko mutum tara suka zo, har da golan da koci. Ta biyu ta faɗo daidai da wasan Arsenal na rana, mutum huɗu ta samu. Ta durƙusa a kan jar ƙasar ta koya musu, ta sa kowa ya yi minti biyu yana ƙirgawa da ƙarfi, ta naɗe robarta ta ce za ta dawo Asabar mai zuwa.